Ciwon gaɓar muƙamuƙi: lallaɓawa ko tiyata?

Gaɓar tana gaban kunne daidai. Ɗora yatsa ka buɗe baki, za ka ji motsinta. In ta fara ciwo, yawancin mutane lallaɓawa ke warkar da su. A jingine goro, rake, kilishi da cingam, a koma tuwo mai laushi da kunu. A riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, a tallafe haɓa lokacin hamma. Mai cizon haƙora cikin barci, likitan haƙori kan auna masa robar da ake sawa a haƙora, ya riƙa kwana da ita. Abin yana cin makonni, amma bai ɓata komai, don haka a ganina da shi za a fara.

Tiyata kuwa in an yi an yi. Ƙaramarta allura ake sakawa a wanke gaɓar. Babbar yanka ce gaban kunne, dab da jijiyar da ke motsa fuska. Sai dai yaron da ya faɗi kan haɓa, gaɓar ta manne har cokali ba ya shiga bakinsa, gasa wurin ba zai buɗe shi ba. Wannan sai tiyata, kuma da wuri, don muƙamuƙin kan ƙi girma.