gRPC a kan rezon mu: abin da na gani da na yi aiki da shi

Ƴan uwa masu harkar kod, da yawa kun sha tambaya ta ko gRPC, tsarin da ke sa kwamfuta ta kira aiki cikin wata kwamfuta ta rezo, ya cancanci mutum ya zauna ya koye shi. Amsa ta ita ce e, ya cancanta ƙwarai, kyauta ne kuma kod ɗin shi a buɗe yake kowa na iya dubawa, amma asalin shi an ƙera shi ne don injunan da ke zaune ɗaki guda da intanet mai ƙarfi, mu kuwa nan sai ka ƙara mishi taka dabara kafin ya yi maka aiki yadda kake so.

Aikin da na yi da shi na wata ƙungiyar masu albasa ne. Biro nan Yamai, mangazu kuma can jihar Tawa, ɗaya cikin garin Tawa ɗaya wajen Galmi ɗaya kusa da Konni, tsakanin biro da Tawa kaɗai ya fi kilomita 500. Da can komi cikin kaye ake rubuta shi, da dare mai mangaza ya yi murya a WhatsApp ya ce buhu kaza ya shigo, kaza ya ruɓe cikin rudu, kamyo kaza ya ɗau kaya ya nufi Akara ko Abijan. Sunka ce suna son kowace mangaza ta shigar da lissafinta cikin waya ya taho kai tsaye wajen saba ta biro, kwamfutar da ke karɓar saƙon wayoyin. Wato injuna da yawa nesa da juna, kowace da nata ɓangaren, dole su yi magana da juna su yarda a kan adadi guda.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1991 ƙungiyar OMG ta fito da CORBA, inda za ka kira wani abu da ke cikin wata kwamfuta kamar cikin taka yake, mu ma an nuna muna shi a lakkol da wata manhajar shi da ake ce ma omniORB. Bayan shi wani tsari irin shi, SOAP, ya zo wajen 2000 da XML, salon rubutun saƙon shi mai nauyi, da fishiyen WSDL mai fayyace kiran. Google ta saki gRPC a 2015, daga wani tsari nata na cikin gida da ake ce ma Stubby, yana tafiya bisa HTTP/2, ƙa'idar aika saƙo ta intanet, kuma Protocol Buffers, tsarin dunƙule saƙo na Google, ne ke ɗaure saƙon shi. Duk wanda ya taɓa rubuta IDL na CORBA, takardar da ke fayyace abin da za a kira, in ya buɗe fishiyen proto, mai yin wanga aikin a gRPC, zai gane dangi ne.

Fishiyen proto ɗin nan shi ne abin da ya fi burge ni wallahi. Ka rubuta sau guda cewa saƙon shigar kaya na da lambar mangaza, yawan buhu, ranar shiga, sunan mai kaya, ka ba kowane fili lamba 1, 2, 3, 4, sai ka kira protoc, kayan aikin da ke karanta fishiyen, ya fidda maka kod na Python don saba da na Kotlin don waya. Ni ina bisa saba, wani ƙanena yana bisa manhajar Android, ba mu taɓa musu a kan sunan fili ko irin abin da ke cikin shi ba don takarda guda muke dubawa. Kuma abin da ke bi ta rezo ba sunayen filin ba ne, lambobin ne kawai da abin da ke ciki. A JSON, tsarin da ake rubuta saƙo da baƙaƙe yadda ido zai karanta, kowane saƙo sai ya maimaita sunan fili baƙi bayan baƙi, nan kuwa fili mai lamba 1 zuwa 15 bayit guda ya ishi alamar shi. Ga wanda forfe ɗin shi ke ƙarewa tsakiyar wata wanga ba ƙaramin abu ba ne, kuma inda rezo ke layi guda saƙo ƙarami ya fi saurin tsallakewa. Sai dai ka kiyaye, lambar da ka ba fili kar ka sake ba wani ita ko ka goge filin, akwai kalmar reserved don haka, saboda wayoyin ƙauye ba rana guda ake sabunta su ba, tsohuwar manhaja na iya yin watanni tana aiko saƙo.

Yanzu inda nake son ku saurara da kyau. gRPC na sa kiran nesa ya yi kama da kiran cikin gida, layi guda ka rubuta ka jira amsa, to nan haɗarin yake. Tun wajen gwaji munka tsaya a kan wanga: mai mangaza ya danna, saƙo ya iso Yamai, PostgreSQL, ma'ajiyar bayanan saba, ya rubuta buhu 40, kafin amsa ta koma rezo ya ɗauke. Waya ta nuna UNAVAILABLE ko DEADLINE_EXCEEDED, wato ba a samu saba ba ko wa'adi ya wuce, shi a ganin shi bai tafi ba, sai ya sake dannawa, buhu 40 ya zama 80. gRPC ba zai faɗa maka an rubuta ko ba a rubuta ba, ba ya da hanyar sani. Kamar ka aiki yaro da kuɗi ne bai dawo ba, ba ka san ko ya kai ko bisa hanya ya tsaya ba. Abin da munka yi, kowace shigarwa waya na ba ta lambar UUID tata, wadda wata shigarwa ba ta da irinta, tun kafin ta tashi, a aje ta cikin SQLite, ƙaramar ma'ajiyar bayanai ta wayar, in rezo ya dawo a tura, saba in ta ga lambar da ta riga ta gani sai ta ce na karɓa ba tare da ta sake rubutawa ba. Wanga duk da hannu za ka gina shi, babu shi cikin kwalin. Kuma ka sa wa kowane kira wa'adi da kanka, don in ba ka sa ba zai iya zama yana jira ba iyaka, mai waya na kallon abu na juyawa batir na tafiya.

Dattijon da ke riƙe da mangazar wajen Galmi ya ce min, ɗana ni dai abin da nake so in na danna in san ya shiga. Na ce to Baba, in ka ga alama ruwan ɗorawa yana cikin wayarka bai ɓace ba, in ta koma kore ya isa Yamai. Daga ranar bai sake danna abu sau biyu ba. Har yanzu yana rubutawa cikin kayen shi kuma ni ban hana shi ba, ranar da kuran ya ɗauke waya ta mutu kayen ne ke tsare lissafi.

Akwai ƙananan abubuwa da ke cin rai. Saƙon da ya wuce mega 4 ana ƙin karɓar shi sai ka canza iyakar, mun gamu da haka da sunka fara haɗo hoton takardar kamyo, daga baya munka raba hoto ya bi hanyar shi daban. Saƙon ba ya karantuwa da ido, in abu ya lalace ba za ka buɗe ka gani kamar JSON ba, sai da wani kayan aiki da ake ce ma grpcurl. Takardun bayani kusan duk Ingilishi ne, mu da munka yi karatu da Faransanci sai mun daure. Sauke kayan aikin ma na cin forfe, ni da dare nake yi. Nginx kuwa, manhajar da ke tsayawa gaban saba tana miƙa mata saƙo, na iya wuce da gRPC tun siga 1.13.10, nan ban sha wahala ba.

Babban abin da bai yi min daɗi ba shi ne burawuza ba ta magana da gRPC kai tsaye. Alhajin da ke shugabantar ƙungiyar na son ya buɗe kwamfutar shi a biro ya ga buhu nawa ke kowace mangaza, don wanga kaɗai sai in kafa gRPC-Web da Envoy a tsakani su riƙa fassara maganar burawuza zuwa gRPC, ƙarin abu guda da zan riƙa kula da shi bisa ƙaramar saba da muke haya da kuɗin ƙungiya. Na duba na ga bai kai ba. Na rubuta mishi ɗan shafi da FastAPI, kayan gina shafi na Python, mai karanta PostgreSQL ɗin nan guda, ya fiddo tebur da JSON, gRPC na bar shi tsakanin wayoyin mangazu da saba inda ƙanƙantar saƙo ke da amfani. Alhaji na buɗe shafin kowace safiya kafin ya kira masu kamyo.