Ƙaramin kofin Jibin Ubangiji da ke zuwa a liƙe: inda ya dace da inda ya gaza

Tun bayan annobar korona ta shekarar 2020, wasu majami'u a birnin Katsina suka fara amfani da ƙananan kofunan roba da ke zuwa a liƙe daga kamfani domin Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi da Kiristoci ke yi tare don tunawa da mutuwar Yesu, ruwan inabi a ƙasa, 'yar siririyar gurasa a sama, kowanne da murfinsa na leda. Ana sayar da su a kwali a shagunan kayan ikilisiya. Ikilisiyarmu ta yi amfani da su na wani lokaci.

Ta fuskar tsabta babu abin zargi a kansu. Babu hannun da ke taɓa gurasar kafin mai ci, kuma matan zumunta da dattawan da suka saba wanke kofuna bayan sujada sun huta. Wannan damuwa ba sabuwa ba ce, domin tsoron yaɗuwar cututtuka irin su tarin fuka ne ya sa majami'un Amurka suka fara raba wa kowa ƙaramin kofinsa a shekarun 1890. Ga faston da zai kai wa mara lafiya Jibi a asibiti, ko zai hau babur zuwa wani ƙauye a yankin Malumfashi ko Kafur, wannan kofi ya fi komai sauƙin ɗauka.

Matsalar tana bayyana ne a lokacin da ikilisiya ta taru. Manzo Bulus ya rubuta a 1 Korantiyawa 10:17 cewa da yake gurasar ɗaya ce, mu da muke da yawa jiki ɗaya ne, domin gurasa ɗaya muke ci tare. Wannan koyarwa da ido ake ganinta, sa'ad da fasto ya gutsuttsura gurasa a gaban jama'a, dattijo ya karɓa ya miƙa, faranti ya bi layi daga hannun malamin makaranta zuwa hannun mai gadi. Bahaushen da ya tashi yana cin tuwo a kwano ɗaya da 'yan'uwansa ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Da kofin da aka liƙe kuwa, kowa yana ɗaukar nasa tun daga bakin ƙofa, ba abin da aka gutsura, ba wanda ya miƙa wa wani komai, sai ƙarar ɓare leda ta cika majami'a daidai lokacin da ya kamata a natsu. Tsofaffi da masu rawar hannu sukan sha fama da murfin, har wasu su gama sha alhali su ba su buɗe ba, ga shi kuwa a 11:33 na wasiƙar nan an umarci masu bi su jira juna.

Zafin Katsina ma yana da nasa hukunci. A watannin Afrilu da Mayu, idan kwalin ya daɗe a ofishin fasto ba firji, ɗanɗanon ruwan yakan canja, saboda haka wajibi ne mai saye ya duba ranar ƙarewar wa'adinsa kafin ya biya. Ga kuma tarin robar da ake kwashewa bayan kowace sujada. Mabiya ɗarikar Katolika dai ba ruwansu da wannan kaya, tun da ƙa'idarsu ta tanadi ruwan inabi na ainihi mai barasa wanda firist yake keɓewa a kan bagade.

Shawarata ga majalisar dattawa ita ce su sayi ƙaramin kwali, su ajiye shi a wuri mai sanyi domin ziyarar marasa lafiya da lokacin ɓarkewar cuta kamar kwalara, amma a ranar Jibin Ubangiji a koma ga gurasar da ake gutsurawa da farantin da ke zagayawa.