Audugar cikin bargo a Amurka: ta leda, ta bandir, da yadda ake kashe karinta

'Yan uwa masu ɗinki, gaisuwa mai yawa. Bargon da ake ɗinkawa a nan Amurka hawa uku ne: yadin sama da aka harhaɗa da ƙyallaye, yadin ƙasa, sai shimfiɗar auduga a tsakani, wadda suke kira batin. A Ingila wadin suke ce mata. Ba sako-sako take ba, an dake ta ne ta zama falle ɗaya kamar tabarma, kuma iri biyu ake sayar da ita.

Akwai ta cikin leda, an yanka ta daidai gado: ta jariri inci 45 da 60, ta gadon mutum ɗaya 72 da 90, babba 90 da 108, mafi girma 120 da 120. Akwai kuma ta bandir, wadda ake warwarowa daga naɗi a auna da yadi. A ganina ta bandir ta fi, domin ta leda an ninke ta an matse, wataƙila ta yi watanni a haka. Kina buɗewa za ki ga kari ya zauna daram, layi-layi, tsakiyar kuma ta yi tozo.

Kada a raina wannan karin. In aka ɗora yadi a kai aka soke da fil, wurin ninkin ba ya kwanciya. Keke yana zuwa nan sai ƙafarsa ta turo rarar gaba, yadin ƙasa ya tattare, ɗinki ya bi ta kai ya kulle shi. Sai an juya bargon ake ganin ɓarnar, gyaranta kuwa farke ɗinki ne.

Hanya mafi aminci ita ce a baje ta a kan gado ko ƙasa mai tsabta ta kwana, awa 24 in da hali. A yayyafa ruwa kaɗan da kwalbar feshi a kan layukan, a shafa da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki. Shafa ake yi, ban da ja. In an ja sai ta yi sirara a wani wuri, baki kuma ya karkace.

Mai sauri sai ta yi amfani da na'urar busar da kaya. A jiƙa ƙaramin tawul a matse shi sosai, a jefa tare da audugar, a sa zafi mafi ƙanƙanta, minti 10 zuwa 15. Da ta tsaya a ciro a shimfiɗa tun da ɗuminta, don in ta huce a dunƙule wani sabon karin za ta ɗauka. Tawul fari ya fi, mai launi yakan zuba.

Dutsen guga shi ne inda aka fi yin asara, saboda ba kowace auduga ce auduga ba. Zallar auduga tana jure tururi da matsakaicin zafi, amma a sani tana tsukewa kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, don haka a kashe kari kafin a yanka. Akwai samfurin da ake kira Hobbs Heirloom, kashi 80 auduga ce, 20 foliyesta. Samfurin Warm & Natural kuwa tana da siririn raga na roba a jikinta, shi ne ke riƙe ta har a iya barin inci 10 tsakanin layukan ɗinki, kuma zafi mai yawa yana narkar da shi. Irin waɗannan a riƙe dutsen sama kaɗan, tururi kawai ya sauka. Zallar foliyesta kada dutse ya taɓa ta ko kaɗan: laushinta zai mutu, ta yi ƙyalli, ta manne a gindin dutsen. Ta ulu tana son tururi, amma zafi da jijjiga suna cuɗe gashinta ya dunƙule. Mai gam a jiki, wadda aka yi don ta manne da yadi in an goga, ita baje ta kawai ake yi, ba na'ura ba guga, sai an haɗa hawa ukun.

Akwai kuma masu sana'ar ɗinke bargo da keke mai dogon hannu, wanda ke tafiya a kan firam. Yawancinsu suna ajiye audugarsu a naɗe, babu ninki, sai ki kai yadin sama da na ƙasa kawai. In taki za ki kai, galibi suna neman ta zarce yadin sama da inci 4 ta kowane gefe, kuma a naɗe ta a kan kwali mai kama da bututu bayan ta miƙe, kada a sake ninke ta.