Yaya, ga labarin Bassam, kuma ina da roƙo

Salamu alaikum Yaya, ina gida, ina su Inna da yara, ya zahin Tawa? Mu nan Abijan lahiya lau.

Ran lahadi ba mu buɗe wurin saida garba ba (abincin nan na garin rogo da soyayyen kihi), sai muka shiga mota mu ukku muka tahi Grand-Bassam, wajen kilomita 40 ne, gudron sumul har bakin teku. In ka ƙetare gada sai ka faɗa unguwar da suke ce ma Kartiye Faransi, tana tsakanin teku da lagin, wato tabkin da ke gab da teku. Nan ne annasara suka fara aje babban birnin Kodibuwar a 1893, sai ciwon shawara ya faɗa musu a 1899 ya kashe mutane da yawa, suka kwashe suka koma Bingerville.

Yaya gidajen nan sun tsaya mini a rai wallahi. Gidan gwamna na da an gyara shi an mai da shi mize, wato gidan tarihi, na tufafin gargajiya, muka biya kuɗin shiga aka haɗa mu da mai zagayawa da baƙi, yana bayani ɗaki ɗaki ba gaggawa. Bene ne, baranda ta kewaye shi ko'ina, rufi can sama, tagogin katako masu tsaga-tsaga da iska ke ratsawa, rana tsaka muka shiga amma ko bantilater ban nema ba, na ɗora hannu jikin bango sanyi ƙalau. Tsohon gidan waya ma an gyara. Wasu kam sun lalace, na ga wani babba da itace ya tsiro cikinsa saiwa ta tsaga bango, abin tausai. Tun 2012 UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya, shekara guda kafin Agadas tamu.

Kuma tsohon ginin shi ke ciyar da mutane, masu otal, masu kwakwa, masu sassaƙa da tukwane, kowa na samun na cefane daga baƙi.

Kaya kuwa kihi banza ne nan, ɗanye daga kwalekwale, wanda Tawa sai dai busasshe ko na firigo. Amma nama tsada, tsiren jaka guda bai kai rabin na gida ba. Albasar Galmi na gani an kasa ƴan ƙwaya huɗu, da na ji kuɗin sai da na tuna buhunan da ke ruɓewa wurinmu. Wutar kuran da ruwan pampo sun hi namu zama, wanga gaskiya ne, sai dai lemar teku na cin ƙarhe da fenti, kullum cikin gyara suke.

To ga roƙona. Na ji kuna shawarar rushe zauren Kaka ku sa bulo da tol. Don Allah Yaya a dakata. Zauren nan da azararsa ya hi kowane ɗaki sanyi a watan Afrilu, kai ma can kake kwana in zahi ya yi. Ƙarshen wata zan aiko da kuɗi, a nemo magini wanda ya iya yaɓe tun kafin ruwa ya sauka, a sake indararo. Ka gaida Inna, ka ce mata zanen da ta ce yana hanya.