Mitar da ta wanke batirina daga zargi

Ina sayar da ruwan sanyi da zoɓo a Badariya, nan Birnin Kebbi, kuma sola ce ke riƙe min firiza biyu da fankoki idan wutar layi ta ɗauke. Da bazara ta kankama sai inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ta tsiro da wani hali. Firiza na tashi sai ta hau kuka wai batir ya yi ƙasa, ta mutu, alhali rana ta wuni tana gasa faranti. Ni dai na gama yanke wa batir hukunci, har na fara taya sabo.

Ɗan ƙanwata da ke karatun lantarki a kwalejin Waziri Umaru ne ya tare ni. Ya ce, "Kawu, bari batirin nan tukuna, sayo mita mu ji ta bakinta." Wadda ya sa na sayo ita ce mai baki irin na filaya, wadda ake maƙala wa waya ta faɗi yawan wutar da ke wucewa ba tare da an yanke komai ba. Ya ja min kunne in duba a jikin kwali cewa bakin yana auna amfiya ta DC, wato irin wutar batir, domin da yawa cikin masu araha AC kaɗai suke ji, irin wutar layi, a kan wayar batir kuwa ba su da wani amfani. Ba don shi ba da na sayo waccan, don ita mai shago ya fara miƙo min.

Ranar farko na so in gwada da kaina, na haɗa jar waya da baƙa duka a bakin mitar, ta nuna sifili. Har na ce an cuce ni. Ashe waya ɗaya ake kamawa. Wutar da ke tafiya da wadda ke dawowa soke juna suke yi.

Da yaron ya zo, muka kunna kaya duka. Mita ta ce amfiya 40. A kan batir bolt 12.3, a bakin inbata kuwa 11.5. Ya ce to ina 0.8 ta shiga? Ya kama hannuna ya ɗora a kan wayar, na ji ta da ɗumi kamar kofin shayi. Sai ya kwatanta min da abin da na sani, injin ban ruwan shinkafa a fadama: bolt shi ne ƙarfin turin inji, amfiya yawan ruwan da ke bi, turjiya kuma matsin tiyo, wadda ake aunawa da om. Wani Bajamushe, Georg Ohm, shi ya fitar da lissafin a 1827, cewa bolt daidai yake da amfiya sau turjiya. Raba 0.8 da 40, ka samu om 0.02. Na yi dariya na ce wannan ɗan abin? Ya ce in ninka bolt da amfiya in ga wat: 0.8 sau 40, wat 32 ke nan suna ƙonewa a banza cikin waya, abin da ya isa ya haska shagona da na maƙwabcina. Kuma lokacin da firiza ke yunƙurin tashi takan ja ninkin abin da ta saba ja, faɗuwar bolt ɗin ta ninka tare da ita, inbata ta ɗauka batir ne ya ƙare.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, kayan nan na wat 480 a kan wutar gida ta bolt 230 amfiya biyu da 'yan kai kawai suke ja. A kan bolt 12 kuwa sai 40. Shi ya sa siririyar wayar da ke zaune lafiya a bango ta kasa a gindin batir. Muka matso da inbata kusa, muka sa gajeriyar waya mai kauri, muka kankare tsatsar kan batir muka ɗaure tamau. Tazarar ta koma ƙasa da 0.2, kukan ya ɗauke.

Mitar ba ta rasa aibi ba. Wayoyin gwajinta laƙai-laƙai ne, jar har ta fara tsagewa a wuya. A rana ba ka ganin lambobi sai ka kare da hula. Kafin kowane awon DC sai ka danna maɓallin da ke mayar da ita sifili, in ka manta ta yi maka ƙari. Fizgar da firiza ke yi a tashin farko ta fi ta sauri, ba ta kamawa. Ƙaramar turjiya irin ta wayata ma ba ta iya aunawa kai tsaye, don wayoyin gwajin kansu sun fi ta turjiya; da lissafi muka gano. Takardar bayani kuwa Turanci da Sinanci, rubutu kamar ƙafar kiyashi.

Duk da haka na ba ta huɗu cikin biyar. Batirin da na so jefarwa yana nan yana aiki. Yaron yana ta matsa min in koma bolt 24, wai amfiya ta ragu rabi, zafin waya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, amma wannan sai an sake inbata, sai bayan kaka in Allah ya kai mu. Yanzu haka mitar tana hannun mai cajin waya na tsallaken titi, kwana uku ke nan bai dawo da ita ba.