Tsohon injin tururi na wasa: sabuntawa ɗungurungum ko gyaran abin da ya lalace kawai

Wanda ya samu tsohon injin tururi na wasa, ƙirar Mamod ta Ingila ko Wilesco ta Jamus, yana kuma son ya ga wilinsa yana juyawa, hanyoyi biyu ne a gabansa.

Ta farko ita ce a kwance shi gaba ɗaya, a kankare tsatsa, a goge tagullar har ta yi ƙyalli, sannan a yi masa sabon fenti. Injin zai fito fes, amma fentin asali da tambarin kamfani sun tafi ke nan, kuma masu tara kayan tarihi sukan rage masa daraja.

Ta biyu, wadda ni na fi so, ita ce a taɓa abin da ya hana shi aiki kawai. Ana narkar da farin dattin da ruwa ya bari cikin tukunyar injin (inda ake tafasa ruwa ya zama tururi) da ruwan tsami, a sauya robobin da suka bushe, a tabbatar bawul ɗin kariya, wanda ke sakin tururi idan matsi ya yi yawa, yana ɗagawa, a ɗiga wa fistin (sandar da tururi ke turawa don juya wili) man da ke jure zafin tururi. Wannan hanya tana buƙatar haƙuri da ido, domin tsohuwar tagulla takan yi tabo ja-ja inda sinadarin zink ya zagwanye, wurin kuma ya yi rauni ko da ba a ga huji ba.

A nan ne hanyoyin biyu suka haɗu: kafin a kunna wuta, dole a cika tukunyar da ruwan sanyi, a matsa shi da famfo, a duba ko za ta yi yoyo.