Takalmin roba ko na tamfol ga mai ciwon kofato? Ɗauki na roba

Malam, tsakanin biyun da ka tambaya a kai don sa wa tunkiya ko akuya mai ciwon kofato, takalmin roba mai dogon wuya da na tamfol mai maɗauri, ɗauki na roba. Dukansu sun shiga hannuna, kuma na roban ne har yau nake ɗaukowa in dabba ta fara ɗingishi.

Abin da ya raba su shi ne na roba yana riƙe ruwa. Maganin da aka fi dogara da shi wajen jiƙa kofato shi ne zink salfet, giram 100 a lita 1 ta ruwa, kuma ba a tsoma ƙafa a cire nan take. Sai ta zauna a ciki minti 15 zuwa 30 kafin maganin ya ratsa. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙafar akuya a bokiti tsawon wannan lokaci ya san yadda ake ƙarewa: ta yi harbi, ta kifar da ruwan, kai ka gaji, ita ta gaji, magani ya bi ƙasa.

Akwai wata tunkiyata mai shayar da tagwaye da na tarar tana kiwo a durƙushe, gwiwoyin gaba a ƙasa. Da na ɗaga ƙafar, warin ne ya fara isowa kafin in ga komai. Tsagar da ke tsakanin kofatan biyu ta yi jajir, da wani abu mai danƙo launin toka a kwance a ciki, gefen tafin kuma ya fara ɗagowa daga nama. Likitan dabbobi ya yi mata allura, jiƙon kuma ya bar min. Sai in wanke ƙafar in fitar da laka da kashi, in zura ta a takalmin, in zuba ruwan maganin har ya rufe tsagar, in ja maɗauri, in ajiye mata ciyawa a gaba. Tana ci, 'ya'yanta na tsotso, magani na aikinsa, babu mai kokawa da wani. Lokaci na cika in zare, in tsayar da ita a busasshen wuri har ƙafar ta sha iska. Ba a jima ba ta koma taka ƙafar sosai, nononta bai janye ba, tagwayen ma ba su rame ba. Wallahi ranar da na gan ta tana bin sauran da sauri na ji daɗin da ban iya faɗa.

Amma ka ji wannan da kyau, don nan ne mutane ke ɓata abin: kada ka bar mata shi a ƙafa ta kwana da shi ta wuni da shi. Ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da kofato, Dichelobacter nodosus da abokiyar tafiyarta Fusobacterium necrophorum, ba sa son iska. Damshi da ɗumi da rufaffen wuri su ne gidansu, kuma roba duk ukun take bayarwa. Ka dubi yadda ƙafar mutum ke yin fari ta yi laushi in ta wuni a jiƙe cikin takalmin ruwa. Haka fatar tsagar nan take yi, sai cutar ta ƙara samun ƙofa. Lokacin da ake barin takalmi ya ɗan daɗe shi ne in rauni ne na fili, kamar ƙusa ko ƙaya ta soke tafi, ko kofato ya tsage, ko maruru ya fashe a saman kofato. Nan ma a bushe ake sawa: a wanke, a sa magani, a naɗe da auduga da bandeji, takalmi a kai don ya tare laka da fitsari, sannan a kwance kullum a duba a canza.

Na tamfol fa? Ba shi da nauyi, iska tana ɗan shiga, zai iya rufe bandeji in ƙasa a bushe take. Iyakacinsa ke nan. Yana taka fitsari ya tsotse, maɗaurinsa mai mannewa ya cika da ƙaiƙayi ya daina kamawa, akuya kuwa in ta sa masa haƙori ta gama da shi.

Wajen ɗaurewa, maɗaurin ya zauna a saman ƙananan kofatan nan biyu na baya, kuma yatsanka ya iya shiga tsakaninsa da ƙafa. In ka matse jini zai tsaya, ƙafa ta kumbura, ka ƙara mata wani ciwon a kan wanda take da shi. Akuya ta fi tunkiya ƙiriniya da son tauna, don haka ita kada ka ɗauke ido daga kanta yayin jiƙo.

Kuma takalmi ba shi ne maganin ba. In ruɓar ta shiga ƙarƙashin kofato, abin da ke kashe cutar shi ne allurar oksitetrasayiklin mai dogon aiki tare da feshin magani a tsagar, likita ya auna gwargwadon nauyin dabbar, ya kuma faɗa maka kwanakin da za a jira kafin a sha nononta ko a yanka ta. Binciken da aka yi a Jami'ar Warwick ta Ingila ya nuna tumakin da aka yi wa allura ba tare da yanke kofato ba sun fi saurin warkewa a kan waɗanda aka fere wa. Saboda haka ka rage hannu da wuƙa, kada ka fere har jini ya fito. Abu biyu kuma kada su shiga takalmin nan. Fomalin, wani ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta, yana ƙona ɗanyen nama, balle a kulle shi da ƙafa. Shuɗin garin maganin nan na jan ƙarfe, wato kofa salfet, kuma guba ne ga tumaki in sun lasa ko sun sha.

In masu ɗingishin suna da yawa, takalmi ba zai ishe ka ba, kwamin jiƙo za ka yi duk su bi ta ciki, ka ware marasa lafiya, ka mayar da garken busasshen wuri. Ƙwayar farkon nan, Dichelobacter nodosus, ba ta cika wuce mako 2 a ƙasa ba in babu kofaton da za ta shiga, don haka hutar da fili yana taimakawa ƙwarai. In kuma ka ga ɗingishi haɗe da ƙuraje a baki da dalalar miyau, ajiye zancen takalmi ka kira likita a ranar.

Sai masu sayarwa, ko da yake ba ka tambaya ba. Wasu takalmin kare suke sayarwa da sunan na tumaki, wasu na ɗan maraƙi, wanda zai yi wa akuya yawa ya zame tun takun farko. Wasu su sa hoton guda biyu su aiko da ɗaya. Duk wanda ya ce maka takalminsa shi kaɗai yana warkar da ruɓar kofato, ƙarya yake yi, wuce shi. Na hannu kuma kada ka karɓa ko kyauta ne, ba ka san ƙafar da ta fita daga ciki ba. Kafin ka biya, ka taka kofaton dabbarka a kan kwali ka zana, ka auna tsawo da faɗi, ka ce mai kaya ya ba ka awon cikin takalmin da santimita, ba "ƙarami" ko "babba" ba. In ya iso ka lanƙwasa wuyansa: roba mai kyau tana komawa yadda take, marar kyau tana yin farin layi a wurin, kuma nan za ta tsage. Ka cika shi da ruwa ka ajiye a kan busasshiyar ƙasa ka ga ko yana yoyo. In kana da tumaki da awaki duka, sayi girma biyu, kuma ka wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta ka shanya kafin ya shiga ƙafar wata.